Tsohon Gilashi a Bakin Sabuwar Kyamara

Duk wanda ya shiga sana'ar hoto a 'yan shekarun nan ya san inda gizo ke saƙar. Ka yi ta tari har ka sayi kyamara, sai ka tarar gilashin da zai fitar maka da irin hoton da kake so ya kusa kamo kuɗin kyamarar, wani ma ya ɗara ta. Da yawa sai su haƙura da ɗan gilashin da ya zo a kwali, wanda da magariba ta kawo jiki yake fara kasawa. Ni dai shawarar da nake ba ƙannena a sana'ar nan ita ce su nemi gilasan zamanin fim, su sayi adafta, su kama aiki.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa ba wani boyayyen abu ba ne. Kowace kyamara tana da tazara tsayayya tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi da wurin da hoto ke sauka, fim ne ko sensa. Kyamarorin da suna da madubi a ciki wanda ke ɗagawa idan an latsa, dole a bar masa fili, shi ya sa tazararsu ke da tsawo: bakin Nikon F, wanda ya fito tun 1959, milimita 46.5 ne, na M42, wani tsohon baki da ake murɗa gilashi a ciki, kuma 45.46. Sababbin kyamarori marasa madubi sun matso da sensa kusa da baki, Sony E milimita 18, Fuji X 17.7, Nikon Z 16. To adafta zobe ne kawai na ƙarfe, fanko, babu gilashi babu waya a ciki, aikinsa ya cike wannan giɓi, gilashin ya zauna daidai nisan da aka ƙera shi ya zauna. Tunda ba abin da ya shiga tsakani, hoton da gilashin ya iya bayarwa a 1975 shi zai ba ka yau.

Akasin haka, wato ɗaura gilashi mai gajeriyar tazara a kyamara mai doguwar tazara, shi ne ba ya yiwuwa. A 1987 kamfanin Canon ya yi watsi da bakin FD ya koma EF. Tazarar FD milimita 42 ce, ta EF kuwa 44, babu wurin da zobe zai shiga, sai dai adafta mai ɗan gilashi a ciki, wanda galibi ɓata hoto yake yi. Haka gilasan FD masu kyan gaske suka zauna marayu shekara da shekaru, har Panasonic G1 ta fito a 2008, Sony A7 ta biyo baya a 2013 da sensa mai girman fim, kasuwarsu ta sake buɗewa.

Wanda na fi ƙauna cikin nawa shi ne Helios 44-2, mai tsawon milimita 58 (lambar da ke nuna yadda gilashi ke jawo abu kusa), faɗin ƙofar haskensa f/2, ƙirar Tarayyar Sobiyat da aka kwaikwaya daga Biotar na kamfanin Zeiss. A wajen wani dattijo na same shi, tsohon mai hoto da ya daɗe da rufe situdiyo, yana manne da kyamarar Zenit da wani ɗan'uwansa ya kawo masa tsaraba daga karatu a Rasha. Baƙin fentin jikinsa ya koɗe daidai inda babban yatsa ke kamawa, farin ƙarfe ya leƙo. Da na murɗa shi a kan adafta na miƙa masa kyamarar, sai ya ce, "Yaro, wannan fa sai da fim." Na ce, "Baba, leƙa dai ka gani." Ya leƙa, hannunsa ya tafi kan zoben saiti ba tare da ya duba ba, cikin ƙiftawar ido ya fito da fuskar jikansa tar. Ya daɗe bai sauke kyamarar daga ido ba.

Gilashin nan yana da wani hali da injiniyoyin yau za su kira aibi. Idan ka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, ka tsayar da amarya a gaban darbejiya rana na ratsowa ta cikin ganye, fuskarta za ta fito sarai, bayan kuma ya narke yana juyawa kewaye da ita kamar 'yar guguwa. Iyayen amare ba su san sunan gilashi ba, amma wannan hoton suke nunawa su ce shi za a wanke babba. Sai dai a lura, juyin a gefe-gefe yake fitowa, don haka a kyamara mai ƙaramar sensa, irin APS-C da ke yanke gefen hoto, zai ragu sosai, kuma milimita 58 ɗin zai yi maka aiki kamar 87, wato ya ƙara jawo abu kusa. Ga hoton fuska hakan ba laifi, a ƙaramin ɗaki kuwa sai ka rasa inda za ka ja da baya.

Kafin ka fara akwai 'yan gyare-gyare a cikin kyamara. Tunda babu waya tsakaninta da gilashin, za ta ɗauka bakinta a buɗe yake, wasu ma su ƙi latsuwa sai ka ba su izinin ɗauka ba gilashi. Ka kunna layin launi da ke haskaka gefen abin da ya shiga saiti, ka kuma sa wani maɓalli kusa da yatsanka ya riƙa ƙara girman hoto don ka duba ƙwayar ido. Idan kyamararka na rage rawar hannu daga cikin jikinta, gaya mata tsawon gilashin da kanka, in ba haka ba gyaran nata ba zai daidaita ba.

Ba zan ɓoye inda abin ke gaza ba. Ranar hawan Daushe, dawakai sun sako a guje don jafi, ƙura ta turnuƙe, ba lokacin murɗa zobe da hannu ba ne, gilashin zamani mai saita kansa nake ɗaurawa. Haka filin rawa a wajen dina. Tsohon gilashi na aikin natsuwa ne: hoton ango da amarya, maƙeri a bakin maƙera, kwanon tuwo a tallar gidan abinci, hira a bidiyo inda mai magana ke zaune. A nan ne santsin zobensa na ƙarfe ke biyan ka, kuma a nan ne ido ke koyon zaɓar abin da zai fito da wanda zai ɓace, maimakon kyamara ta zaɓa maka.

Wajen saye, fitilar waya ta ishe ka. Haska ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba ta hana komai, mu da ke shan hunturu ai mun saba da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, farin zare-zare da ke yaɗuwa daga gefe, ta fi kama gilasan da suka zauna a wuri mai laima, kuma idan ta daɗe tana cin shafin da ke fuskar gilashin har abada. Murɗa zoben ƙofar haske ka ga ko 'yan ganyayyakin ƙarfen da ke ciki na rufewa ba tare da maiƙo ya riƙe su ba. Wasu gilasan M42 suna da ɗan tsinke a baya, sai an danne shi ƙofar ke rufewa, don haka nemi adafta mai leɓe a ciki da zai danne shi. Adaftan da ke girgiza a baki kuwa, ajiye shi komai arahar sa.

Idan ka ci karo da Super-Takumar 50 f/1.4 na Pentax ka ga gilashinsa ya yi rawaya, kada ka ɗauka lalacewa ya yi. Yawancinsu an haɗa gilashinsu da sinadarin toriyam, shi ke rina shi da tsawon zamani, kuma hasken rana na wasu makonni yana wanke rawayar, muddin an naɗe jikin kada zafi ya narkar da man ciki. Nawa ban shanya shi ba. Ɗumin da yake sa wa baƙar fata da la'asar sakaliya ya fi mini ɗan hasken da rawayar ke cinyewa.