Abin da Na Koya a Melk Game da Adana Kayan Tarihi

Melk ƙaramin gari ne a bakin kogin Danub a ƙasar Ostiriya, yamma da Biyana (Vienna), babban birnin ƙasar. A kan dutsen da ke saman garin akwai gidan 'yan zuhudun Kirista na ɗariƙar Benedikt, doguwar fada mai fentin rawaya da ake hangowa tun daga cikin jirgin ƙasa. Can aka kai mu ziyarar karatu lokacin da nake wani kwas na kula da tsofaffin rubuce-rubuce, sana'ar da nake yi a gida da takardun Larabci da na Ajami.

Tun 1089 'yan zuhudu ke zaune a wurin, bayan da mai mulkin yankin, Leopold na Biyu, ya ba su gidansa na kan dutse. Ginin da ake gani yau kuwa an yi shi ne tsakanin 1702 da 1736, bisa tsarin Jakob Prandtauer, a salon nan na Barok mai son ƙawa: ruwan zinariya, zane a rufi, ginshiƙai masu ado. A zauren da suke kira na marmara, jagorarmu ta sa mu taɓa bango. Yawancinsa filasta ne da aka goge har ya yi kama da dutse, kuma rufin da ido ke gani kamar kubba shimfiɗaɗɗe ne, zanen gine-gine na Gaetano Fanti da ke kewaye da zanen Paul Troger na 1731 ne ya ba shi zurfi. Gwaninta ce ta gaske, amma tambayar da ta riƙe ni daban ce: da me ake riƙe wannan gida?

Amsar farko tana tsakar gida, inda muka yi ta cin karo da yara da jakunkunan makaranta. Akwai makarantar sakandare a cikin ginin, mai ɗalibai kusan 900, kuma koyarwa a Melk ta samo asali tun ƙarni na 12. A shekarun 1780 Sarki Joseph na Biyu ya rufe ɗaruruwan gidajen zuhudu da yake ganin ba sa amfanar jama'a. Melk ya tsira, kuma sunan da ya yi a ilimi yana cikin dalilan. A gidan tarihinsu akwai wani akwatin gawa na zamanin sarkin, mai ƙofa a ƙasa: a kai shi bakin kabari, a ja ƙarfe, gawa ta faɗa, a dawo da akwatin don wani mamacin. Mutane sun ƙi abin har aka janye dokar da ta tilasta amfani da shi. Na daɗe a gabansa, domin ya nuna mini irin mai mulkin da gidan ya fuskanta, mutumin da ke auna komai da ma'aunin amfani, har katakon jana'iza.

Amsa ta biyu ta fi ɗaci. Ɗakin karatunsu na da littattafai kimanin 100,000, ciki har da rubutun hannu kusan 1,800. Amma a tsakiyar shekarun 1920, cikin ƙuncin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun sayar da kwafinsu na Baibul bugun Gutenberg, ɗaya daga cikin littattafan farko da aka buga da injin ɗab'i a Turai, don samun kuɗin gyara. Yanzu yana Jami'ar Yale a Amurka. Mun yi muhawara mai zafi a kan wannan, wasu abokan karatuna na cewa cin amana ne. Ni ina ganin an yi rashi babba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Sai dai na sha shiga ɗakunan da rufi ya yoye a kan kundin da ya haura shekara ɗari, tawada ta narke, shafuka suka manne kamar ƙosai a cikin leda. Wanda ya taɓa ƙoƙarin raba irin waɗannan shafuka ba zai yi saurin hukunta mutumin da ya zaɓi rufi ba.

Gyaran kuma ba ya ƙarewa. Sun fara babban aikin sabuntawa a 1978, bai kammala ba sai 2006. Kuɗin shiga na masu ziyara yana cikin abin da ke ɗaukar nauyin, kuma an tsara hanyar da baƙo zai bi ta yadda ba zai kutsa cikin ajin yara ko wurin ibada ba. Littattafan da ke ɗakin karatu ana kallonsu daga bayan igiya, mai bincike kuwa sai ya nemi izini.

Da na dawo na sauya yadda nake zuwa gidajen malamai masu gadon littattafai. Da can ina fara roƙon a bar ni in ɗauki hoton shafuka. Yanzu nakan ce, "Allah gafarta malam, wa ke karanta su a cikin 'ya'yanka, kuma ina ruwa ke shigowa da damina?" A gida ɗaya, kuɗin da na ware don akwatunan ajiya ya tafi ne wajen sayen kwano da biyan kafinta, sannan muka zauna da jikan gidan, matashi mai iya karanta rubutun Magribi, muka fara jera sunayen littattafan kakansa a rajista.