Abin da bishiyar ceri ta jawo mini a Lekki

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki. Ƙannena da muke lambu tare sun dame ni da tambayar abin da ya haɗa ni da manaja, to gara ku ji daga bakina, don wata rana irin wannan kwangilar za ta zo hannunku.

Kun san gidan. Mai shi ya ga ceri, wata bishiyar Turai mai ƙananan jajayen 'ya'ya, a Ingila, ya dawo ya ce lallai sai an jera masa ita a tsakar gida. Manaja ya karɓi kuɗi, ya sa aka kawo dashe daga waje. Tun ranar da aka sauke su na ce masa, "Yallaɓai, itacen nan ba zai haihu a Legas ba." Cerin Turai sai ta kakkaɓe ganye ta kwanta barcin sanyi kafin ta yi fure. Yawancin irinta na buƙatar ɗaruruwan sa'o'i, wasu har kusan 1,000, cikin sanyin da bai haura digiri 7 ba. Shi ya sa Turkiyya, mai tsaunuka da ƙanƙara, ta fi kowace ƙasa noman ta. Mu kuwa nan ko a tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauko ƙasa da digiri 20. Amsar da ya ba ni, a gaban yara, ita ce, "Malam, dashe aka ɗauke ka, ba shawara ba."

Na dasa, kuma ban yi ha'inci ba. Ƙasar Lekki yashi ce, ruwa kuma na nan kusa a ƙarƙashi, ga ceri ba ta jure saiwarta ta kwana cikin ruwa. Don haka na tayar wa kowace tudu, na gauraya ruɓaɓɓen taki, na fitar da hanyar ruwa. Suka yi toho, suka yi ganye, fure dai shiru.

Da mai gida ya fara ƙorafi, sai manaja ya ce a rage musu rassa wai don su zabura, a watan Yuni, ruwa na zuba ba dare ba rana. Nan ne na roƙe shi da gaske. Ko a ƙasashen da ceri take, ana jiran lokacin bushewa ne a yanke ta, domin ta raunin cuta ke shiga, kuma rauni ba ya kamewa cikin laima. Ya ce in yanka ko in kama gabana. Ba a jima ba ƙaro ya fara tsatsowa daga duk inda almakashi ya taɓa, rassan suka riƙa bushewa daga sama suna gangarowa.

Ranar da mai gida ya tara mu, manaja ya nuna ni da yatsa ya ce ni na yi musu mugun yanka ba da saninsa ba. Aka zaftare mini albashi. Yaran da suka ji lokacin da ya ba da umarni suna tsaye, babu wanda ya buɗe baki, kuma ban ga laifinsu ba, kowa na da bakunan da yake ciyarwa a gida. Kuɗin sun wuce. Ƙaryar ce har yau take ci mini rai, na bar shi da Allah.

Jajayen 'ya'yan da kuke gani jikin katangar baya, waɗanda mai gida ke tsinko wa baƙi, acerola ce, cerin ƙasashe masu zafi. Ni na kafa ta daga reshe, don ƙwayarta ba ta cika tsirowa ba. Tana son rana, daga fure zuwa nuna bai fi wata guda ba, tana yin 'ya'ya sau da yawa a shekara, kuma ta ninka lemo nesa ba kusa ba wajen bitamin C. Saiwarta ba ta nitsewa sosai, ku kafa mata sanda saboda iskar farkon damina. Ku tsinke ta kullum, ba ta kwana da yawa. Yanzu na ji manaja na cewa dabararsa ce.

Sauran kaɗan ne. In mutum ya ce yana son ceri, ku sa ya nuna hoto, sau da yawa agwaluma yake nufi, ita kuwa ƙatuwar bishiya ce da ta fi ƙarfin ƙaramin fili. Ku goge almakashi kafin ku tashi daga wannan itace zuwa wancan. Umarnin da hankalinku bai kwanta da shi ba, ku ce a turo muku shi a WhatsApp.

Cerin Turan da suka rage a bakin ƙofa, kada ku ƙara ɓata taki a kansu. In mai gida ya tambaye ku, ku ce masa a tumɓuke su a sa acerola a gurbin, kafin ruwan Afrilu ya sauka.