Kada Godiyarku Ta Dare Ta Tsaya Kan "Kome da Kome"

Ƙannena, na daɗe ina yin wata addu'ar dare da ba ta da maraba da gaisuwar mai wucewa. Ina kwance, waya a hannu, ido ya yi nauyi, sai in ce, "Uba, na gode domin kome da kome." Sau tari ma barci kan sace ni kafin in kai ga amin. Ranar da idona ya washe kuwa, roƙo ne zalla: kuɗin haya, aiki, lafiyar Mama. Ubangiji bai hana roƙo ba. Amma mai roƙo kullum ba ya waiwaye, a hankali sai ya ɗauka ba a taɓa ba shi kome ba. Haka na zama mai gunaguni, ga ni kuwa kowace Lahadi a sahun gaba na mawaƙa.

Ku duba kutare goma na Luka sura 17. Duka sun warke, Basamariye ɗaya ne ya komo ya faɗi a gaban Yesu. A ganina taran nan ba mugaye ba ne, sauri suke yi su isa wurin firistoci kamar yadda aka umarce su. Saurin ne ya cinye godiyar.

Abin da ya taimake ni wata tsohuwar hanya ce ta Ignatius na Loyola, wani firist na Katolika, mutumin Sifen da ya rasu a 1556. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma na ga amfaninta. Ya koyar a fara da godiya, a roƙi alherin ganin laifin kai, sannan a bi yinin sa'a bayan sa'a tun daga tashi barci, a nemi gafara, a ƙudurta gyara.

Da na fara bin yini haka, sai abubuwa suka riƙa fitowa. Mai keke napep da ya kira ni ya miƙo canjin da na manta. Maƙwabciya da ta aiko yaro da kwanon tuwon masara da miyar kuka, daidai daren da gas ɗinmu ya ƙare, alhali ban gaya wa kowa ba. Abokin aiki da ya rufa mini asiri kan kuskuren lissafi. Ku kira abin da sunansa, ku kira mutumin da sunansa a gaban Allah. Dā duk waɗannan sukan nutse cikin "kome da kome".

Wani kuskurena kuma, ranar baƙin ciki nakan ƙaƙaro godiyar da ba ta kai zuci ba, wai kada Allah ya ga na kasa. Kada ku yi haka. Zabura 13 da kukan "har yaushe" ta fara kafin ta kai ga yabo, ta 88 ma ba ta fita daga duhu ba har ƙarshenta. Ku faɗi ɗacin yadda yake, in abu ɗaya tak kuka samu na godiya, ya isa.

Ku yi addu'ar a zaune, kafin ku hau gado, wayar tana can nesa. Idan kuma cikin bin yinin kuka tarar kun ɓata wa wani rai, Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi. A nan kaɗai na yarda ku ɗauko wayar, ku kira shi ku ba shi haƙuri.