Dadar gaban goshina ta daina rawa

Alhamdulillahi, 'yan uwa masu dada, yau na taɓa jelolin gaban goshina na ji sun tsaya daram. Wallahi kamar in rangaɗa guɗa.

Tun damina suke cin raina. Jikinsu na ta ƙara kauri, gindinsu kuwa na ta sirancewa, har guda ɗaya ta koma lilo a kan 'yan silin gashi. Matan unguwarmu a nan wajen Ringim sai yaba cikar kaina suke, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Kaurin nan ba sabon gashi ba ne. Mutum yakan zubar da gashi 50 zuwa 100 a rana. Mai kitso tana ganin nata a jikin mataji ranar tsifa, mu namu ba ya zuwa ko'ina, a cikin jela yake maƙalewa. Ga tsawo na ƙaruwa kamar santimita 1 a wata. Amma gashin da ke raye a cikin tsagar nan, wanda ke ɗauke da kayan duka, ko sili ɗaya bai ƙaru ba. Na gaban goshi kuma dama shi ne mafi rauni, a kansa ɗaurin ɗankwali ke zama.

Ranar wanki abin ya fi muni. Dada tana shan ruwa kamar soso, wuyana har ƙagewa yake, kuma in na sa hijabi ba ta gama bushewa ba sai ta yi warin danshi.

Na fara da rage nauyin. Na jiƙa kan a ruwan ɗumi da khal, na bi jela ɗaya bayan ɗaya ina matsawa. Ku zo ku ga abin da ya fito! Ruwan roba ya koma ruwan toka, man kaɗanya da ƙurar hunturun bara suna yawo a sama, ga zaren ɗankwali. Yanzu man shafawa iyakarsa fatar kai, shi ma ɗan kaɗan.

Sai aikin da ya fi ba ni wuya, haɗa siraran bibbiyu don su samu tushe mai faɗi. Murzawa ta ƙi, da na wanke sai su rabu. Allurar saƙa mai milimita 0.75 ce ta yi, ina cusawa ina janyo gashin wannan cikin waccan, a hankali don kar in tsinka. Kuɗin motar zuwa Kano nemanta ya ninka kuɗinta, ya ƙona min rai sosai. Ƙanwata ta riƙe min madubi har hannunta ya gaji.

Murzar gindi na jinkirta ta, ko da kan zai yi buzu-buzu, ɗauri sama kuma na bari. Saura jelar wajen kunnen hagu, wadda ba ta da maƙwabciyar da zan haɗa ta da ita. Ina ganin rage mata tsawo zan yi. In akwai wadda ta taɓa ceto irinta ba da almakashi ba, don Allah ta faɗa min.