Ruwan da yaranmu ke shiga

A bazarar da ta wuce ne autana, ɗan shekara 9, ya tsaya a ƙofar banɗaki yana ta nuƙu-nuƙu. Na ce, "Kai, lafiya?" Sai da na matsa masa sannan ya ce, "Umma, jini nake gani a ƙarshen fitsari." Gabana ya faɗi. Washegari da sassafe muka je asibiti, aka auna, likita ya ce tsargiya ce. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, yana shiga kududdufi?" Na ce a'a da ƙarfina. Yaro ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa.

Likitan ya yi mini bayani. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka, ba sai ya sha ruwan ba. Aka ba shi maganin praziquantel daidai nauyinsa, ya warke, alhamdu lillahi. Amma an gaya mini in ya koma ruwan, cutar za ta dawo.

To, ta yaya zan hana shi? Wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san abin da nake faɗa. Zafi ya haura digiri 40, babu wuta, ɗaki kamar tanda, yaro ya dawo daga makaranta jikinsa duk ƙurajen zafi. Ga kududdufi nan bayan gida, irin ramukan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, yanzu kwatar unguwa duk can take zuba. Na yi faɗa, na yi duka, na haɗa shi da babansa. Ruwa dai yana kiran yaro. Tsargiya ma da sauƙi, tana da magani. Sau nawa muke ji a rediyo 'yan kwana-kwana sun tsamo gawar yaro daga kududdufi? Yaran nan iyon da suka iya na gani-ka-yi ne, babu wanda ya taɓa nuna musu yadda ake numfashi a ruwa ko abin da ake yi in ƙafa ta riƙe.

Akwai cibiyar matasa kusa da mu, an zagaye ta da katanga, da filin ƙwallo da ɗakuna biyu a kulle. A Islamiyyarmu ta matan aure na tayar da maganar bayan an tashi daga karatu, ashe kowa da abin a ransa. Wurin ninƙaya muke so a ciki, ko ƙarami ne, mai ruwa mai tsabta, da gefe marar zurfi don ƙanana, da mai koyarwa da zai tsaya a kansu. A ware wa mata ranakunsu, mace ta koyar, a rufe ƙofa. Na otal-otal akwai su, amma kuɗin shigar yara huɗu ya fi ƙarfin cefanenmu.

Da na kai wa maigida maganar sai ya ce, "Ruwan sha ma wajen 'yan garuwa muke saye, ku kuna neman na wasa?" Gaskiyarsa, ban musa ba. Na dai tuna masa abin da muka kashe a asibiti, da maganar da malamai ke kawowa daga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Iyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, tun 1934 ake bikin kamun kifi, kuma har da gasar ninƙaya da tseren kwalekwale a kogin Matan Fada. Yaran Kabawa a ruwa suke tashi, a gaban manya.

Ɗakunan nan biyu kuwa, 'yata nake tunawa duk na wuce su. Shekarunta 13. Bayan kowane littafinta na makaranta cike yake da zanen lalle da dagi da furanni, da biro ja da shuɗi. Ranar sallah 'yan matan layinmu layi suke yi a tsakar gidana ta zana musu hannu. Ba ta taɓa riƙe burushin fenti ba. Alhali garin nan ne ke da marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa tarihinta tun 1498, ga dukawa, ga masu ɗinkin hula, ga tsofaffin magina da suka iya zanen bango irin na Gidan Makama. Da yawansu sun tsufa, kuma babu yaran da ke zama gabansu. Da za a buɗe ɗaki ɗaya ranar Asabar, a sa tabarmi da allo, a ba dattijo ɗaya ɗan alawus, yara ashirin za su samu abin yi da hannunsu.

Mun rubuta takarda, mata da yawa sun sa hannu, waɗanda ba su iya boko ba sun dangwala yatsa. Maigida da kansa ya karɓa ya ce zai kai wa mai unguwa bayan sallar Juma'a, a miƙa ta gaba. Jiya autana ya tambaye ni ko in an gina wurin za a bar shi ya shiga da gajeren wandonsa na ƙwallo. Na ce za a bari. Kafin nan, baho nake cika masa da la'asar a tsakar gida, jarka ɗaya daga cikin na mai garuwa.