Kafin Ka Sayi Motar da Ke Iyo

Sau da yawa samari kan tsaya a bakin garejina a Argungu, su leƙa rumfar baya, su hango wata mota mai ɗaki biyu wadda ba ta da taya sai sarƙar roba. Tambayar ba ta canzawa: "Maigida, da gaske tana shiga ruwa? A ina ake samun irinta?" Wasu ma sun riga sun ga hotunan irinta a intanet ana gwanjonsu a Turai, har sun fara lissafin kuɗi. To ƙannena, ku ba ni aron kunnuwanku. Na ji jiki a kan motar nan, kuma ba na so wani ɗan uwa ya bi sawuna ido rufe.

Ambaliyar 2020 ce mafarin komai. Duk manomin shinkafa a Kebbi ya san abin da ya gani a daminar nan. Tawa gonar ruwa ya shanye fiye da rabi, wadda ta tsira a kan ɗan tudu kuma aka rasa yadda za a fito da ita. Nan ruwa iya gwiwa, gaba kaɗan iya wuya, gaba kuma laka mai cin ƙafa. Tarakta ta shiga ta kafe, kwale-kwale ya ɗauki kaya ya zauna a ƙasa. Ni da na yi shekaru ina gyaran tarakta da katafila, sai na ce a raina ai dole akwai injin da aka yi domin irin wannan wuri.

Akwai kuwa, kuma asalinsa ma ba yaƙi ba ne. Wani Ba'amurke, Donald Roebling, shi ya ƙera irin wannan mota a shekarun 1930 domin ceto mutane daga fadamun Florida bayan guguwa. Daga baya sojojin Amurka suka karɓi fasahar, suka kai farmaki da ita a tsibirin Tarawa da ke tekun Pasifik a 1943. Tawa ba ta wannan zamanin ba ce. Sunanta Bv 206, kamfanin Hägglunds na ƙasar Suwidin ne ya yi ta, sojojinsu suka fara aiki da ita a 1980, kuma an ƙera fiye da 11,000. Ɗakin gaba yana ɗaukar mutum 6, na baya 11. Sarƙoƙi huɗu gare ta, duk huɗun suna ja, kuma ba ta juyawa kamar katafila. A tsakiya take lanƙwashewa, haidirolik ne ke tura mahaɗar ɗakunan biyu. Jikinta faiba ne, babu sulke. Faɗin sarƙar ya sa nauyinta yake bazuwa, har ta wuce lakar da mutum zai nutse a ciki.

A Kudu na same ta, a harabar wani kamfanin kwangila da ya daina aiki da ita. Dillali ya kawo batir biyu, aka yi mata ki, injin ya tashi da ƙara mai daɗi, babu hayaƙi. Na ɗaga murfi na ga injin Marsandi ne mai silinda 5, OM617, dangin wanda ke cikin tsoffin Marsandi masu shan gas. Injin da na sha kwancewa da hannuna! Nan take na kasa ganin komai sai shi. Na biya abin da ya kai ribar shinkafata ta shekara biyu, ban ko durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ba.

Wannan rashin durƙusawa shi ya fi komai ci mini kuɗi, don haka bari in daɗe a kansa. A irin wannan mota, injin shi ne abu mafi sauƙin magani. Fistin, ringi, gaskit, famfon ruwa, in ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, da wuya ka dawo hannu rabbana. Sarƙa fa? Babu ita a kasuwar ƙasar nan da na taka. Roba ce da aka yi domin ƙanƙara da fadamun arewacin Suwidin, ta zo ta yi shekaru a tsaye wuri guda rana tana dukanta. Daga nesa lafiya lau take. Sai da na kawo ta gida na sa ƙarfe na lanƙwasa gefenta, na ga tsaguwa kamar ta faso a diddige lokacin hunturu, har zaren ciki yana leƙowa. A fitarmu ta uku ɗaya ta tsinke a tsakiyar fadama. Sarƙar katafila ƙarfe ce, in ta ɓalle ka cire fil ka sauya gaɓa ɗaya ka ci gaba. Wannan kuwa ba ta walduwa, kuma ba aikin mai faci ba ce. Na yi watanni ina jiran a aiko mini da wasu tsoffi daga Turai, kuɗin dakon jirgi da na kwastan ya kusa kamo kuɗin robar kanta. Ƙananan tayoyin da sarƙar ke bi a kansu ma robarsu ta ɓare, boris ɗin da yawa sun ci tsatsa.

Saboda haka in ka je ganin irin wannan mota, bar dillali ya yi ta ɗaga murya a kan injin. Kai ka sa tsohuwar riga ka kwanta a ƙasa da tocila. Bi kowace sarƙa taku-taku, a gusa motar gaba a sake dubawa, domin wurin da ta zauna a kai shi ya fi lalacewa. Girgiza kowace ƙaramar taya da hannu. Duba mahaɗar tsakiya, ko akwai wasa a cikinta, ko mai yana yoyo daga tiyo. In mai ita ya hana ka wannan bincike, yi masa sallama ka kama hanya. Araha ba ta ado.

Maganar takardu kuma ita ma da zafi na koye ta. Motar koren soja gare ta, na ɗora ta a tirela haka nan ba tare da tunani ba. A wani shingen bincike aka tsayar da mu, muka kwana uku kafin a gamsu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A halin da Arewa maso Yamma ke ciki, wa zai ga abu mai kama da tankar yaƙi a kan hanyar Kebbi ya ɗaga hannu ya ce wuce? Doka ta hana farar hula amfani da launin soja a mota, kuma kayan da suka danganci soja ba a shigo da su sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka nemi takardar kwastan ta asali da rasit kafin ka ba da ko sisi, ka fente ta tun a can kafin ta hau tirela, in ka iso gida kuma ka kai kanka wurin jami'an tsaron yankinka da uban ƙasa su san da zamanta. Tawa yanzu ruwan ɗorawa ce, ana hango ta daga nesa. Mai sulke kuwa, ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa.

Sai zafi. Injin yana cikin ɗakin gaba ne, tsakanin direba da na kusa da shi, abin da ya dace da ƙasar da sanyi ke kisa. A watan Afrilu a Argungu kuwa gasa mutum yake yi. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa suka toshe lagireto, ni kuma allurar zafi ta mutu na ce sai an samu sarari a gyara. Gaskit ya ƙone. Haka kuma na sayo kik na Marsandi, wato na'urar tayar da inji, a kasuwa don na ga injin iri ɗaya ne, na manta cewa wutar motar nan bolt 24 ce, ta ƙaramar mota kuwa 12. Kwana kaɗan ya yi. Waɗannan duk asarar kuɗi ce, kuɗi kuma ana sake nemansa.

Abin da har yau nake tunawa gabana ya faɗi shi ne ranar da na shiga gulbi. Na riga na gwada ta a wani tafki, ta yi iyo, yara suna ta tafi. Sai na ɗauka na gama sanin ta. A tsakiyar damina, gulbi ya kawo, na ce zan tsallaka da buhunan taki da yarana biyu na gareji. Wani dattijo masunci yana gyaran koma a bakin ruwa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga abu naka yana da filafili?" Na ce, "Baba, da sarƙarta take tuƙa ruwa." Ya ce, "To ruwan ga ba tafki ba ne. Ka bari ya kwanta." Na gaishe shi da ladabi, amma ban ji maganarsa ba.

Gaskiya ya faɗa. Bv 206 ba ta da farfela, sarƙoƙin ne ke kaɗa ruwa, kuma gudunta a ruwa bai kai kilomita 5 a awa ba. Mai tafiya a ƙafa ya fi ta sauri. Muna barin gaɓa igiyar ruwa ta kama ɗakin baya ta karkatar da shi, na juya sitiyari motar ta ƙi amsawa. Muka fara gangarawa a kaikaice. A lokacin yaron da ke baya ya yi ihu cewa ruwa yana shigowa. Ashe robar ɗaya daga cikin matosan ƙasa ta bushe, famfon da ke fitar da ruwa kuma ban taɓa gwada shi ba tun da na saye ta. Babu ko ɗayanmu mai rigar ruwa. Allah ne ya kawo dattijon nan da 'ya'yansa a jirage biyu, suka jefo igiya, suka janyo mu har sarƙa ta taɓa yashi. Da na fito ƙafafuna ba sa iya ɗaukata. 'Ya'yan mutane ne, iyayensu sun ba ni amanarsu don su koyi sana'a, ni kuma na sa su a bakin halaka saboda ina son a ga abin da motata za ta iya. A wannan shekarar ce ma, watan Mayun 2021, kafin abin nan ya same mu, jirgin ruwa ya kife a kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka masu yawa. Ina da labarin, na yi jimami kamar kowa, amma bai hana ni ba. Da daren na je gidajen yaran na faɗa wa iyayensu abin da ya faru da bakina, na roƙi gafara.

Tun daga ranar na gane cewa abu biyu na saya a jiki ɗaya, tarakta da jirgi, kuma ilimina na tarakta ne kawai. Ilimin ruwa yana wurin Kabawan da suka gaje shi. Yanzu ba ta shiga ruwan da ke gudu, sai kwantaccen ruwan fadama, shi ma sai na tambayi masunta zurfinsa da inda gaɓa ta yi sauƙin hawa. Kafin ta jiƙa sarƙa, da hannuna nake taɓa kowane matoshi, in zuba bokitin ruwa a kowane ɗaki in ga famfo ya zuƙe shi. Farkon kowace damina nakan ɗaure ta da igiya a jikin tarakta, in bar ta a kan ruwa rabin awa babu kowa a ciki, in ga ko tana yoyo. Kaya a raba su daidai, kowa da rigar ruwa, kuma ba na ɗaukar fasinja don kuɗi. In ta fito, ranar ake wanke laka, a ɗura giris a ko'ina har sai tsohon ya fito, a duba man giya. In ya koma fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a zubar da shi nan take.

Wani yaro ya taɓa nuna mini hoton M29 Weasel, wadda kamfanin Studebaker ya yi a Yaƙin Duniya na Biyu, wani kuma ya kawo na PTS ta Tarayyar Sobiyet, mai farfela biyu da ke ɗaukar tan 10 a kan ruwa. Ta farkon ta haura shekara 75, kayanta sai wurin masu tara kayan tarihi. Ta biyun injin dangin tankar yaƙi gare ta mai silinda 12, gas ɗin da za ta sha a wuni zai cinye ribar gonarka. In burinka fito da shinkafa ne, fara lissafa kuɗin hayar jirgi da amalanken shanu na shekara goma, ka ajiye shi kusa da kuɗin sarƙa huɗu. In kuma son tsohon inji ne ke jan ka, kamar yadda yake ja na, to ka shigo da kuɗin da ba na abincin iyali ba, ka kuma tanadi rumfa tun kafin motar ta iso.

Tawa tana aiki kamar wata biyu a shekara, lokacin da fadama ta ƙi tarakta ta ƙi jirgi. A wannan ɗan tsakanin takan fito da buhunan da da can sai dai a bar su ga ruwa, nawa da na maƙwabta. Sauran watannin tana cikin inuwa, an ɗaga ta a kan katako, an lulluɓe sarƙoƙin da tamfol, duk Juma'a a tayar da ita a ɗan gusa ta. Wanda yake son ya gani da idonsa ya zo da safe kafin rana ta yi zafi, ya zo da tocilarsa, mu kwanta a ƙarƙashinta tare in nuna masa sarƙar da ta tsinke, don har yanzu tana nan ban jefar ba.