Abin da gaɓa 12 ta koya mini a kan jita

Na fi shekara ina taɓa jita kafin na gane ban iya ƙirga 12 ba. Malamina, wani dattijo da ya daɗe yana kiɗa a otal-otal, shi ya tona mini asiri. Na je masa da zumuɗin koyon irin kukan tsirkiyar B.B. King, shahararren makaɗin buluz (wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka), sai ya ce in ajiye wannan tukuna, in riƙe masa kiɗan baya na buluz, shi zai yi na gaba.

A baki abin ba wuya. Gaɓa 12 ne, kowace da bugu 4, kamu (wato sautukan da ake haɗawa a tare) kuma 3 kacal, masu suna A, D da E. Idan a A ake, za ka zauna a A gaɓa 4, ka koma D gaɓa 2, ka dawo A gaɓa 2, sannan E, D, A, E, gaɓa ɗaya-ɗaya, sai a sake zagaye. Hannun hagu ma kusan hutu yake: ka bar tsirkiya ta 5 a sake, ka danne ta 4 a gida na 2 na wuyan jitar, ka miƙa yatsa zuwa gida na 4, ka dawo. Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne.

Ban kai zagaye na uku ba na ɓace. Da ya fara jan tsirkiya sai kunnena ya bi shi, na koma D tun ana gaɓa ta 4. Bai tsaya ba, ya dai ɗago kai ya ce, "Yaro, ka bar ni a daji."

Inda na fi shan wuya shi ne hannun dama. Bugun buluz ba a raba shi biyu daidai. Kashi uku ake yi masa, sautin farko ya ci biyu, na biyun ya ci ɗaya, dogo da gajere, kamar mai ɗingishi da bai damu ya isa da wuri ba. Ni kuwa hannuna ya saba da daidaitawa, kiɗana ya fito kamar faretin sojoji. Malam ya sa na kwantar da gefen tafina a gindin tsirkiyoyi don sautin ya dushe, ya hana ni kallon yatsu, ya ce ƙafa ta riƙa ƙirga. Wata biyu ina wannan a ɗaki da na'urar ƙirga bugu ta waya, har ƙanwata ta fara tambaya ko jitar waƙa ɗaya aka sayar mini da ita.

A wajensa na fara jin sunan Eddie Taylor. Kowa mawaƙin buluz Jimmy Reed ya sani, amma a yawancin faya-fayen da ya yi a Chicago a shekarun 1950, Taylor ne ke bayansa riƙe da wannan tafiya. Na koma na saurare su da kunnen mai kiɗan baya. Mutumin ba ya gaggawa, ba ya neman a ji shi, kuma ina ganin wannan ya fi gudun yatsu wuya nesa ba kusa ba.

Har yanzu gaɓa ta 9 takan ja ni in yi sauri. Malam yakan buga ƙafa da ƙarfi a daidai wurin, ba tare da ya dube ni ba.